Abin da Ya Sa Robar Kunnena Ta Yi Tsawo

Na ga kuna dariya tun sa'ad da na fiddo ta daga jaka. Ku yi abinku, ba ku ne na farko ba. Robar kunne ce ta sauraron ƙirji, irin wadda kuke ratayawa a wuya kuna yawo da ita cikin kasuwa don a san ku ma'aikatan lafiya ne, sai dai tawa ta fi taku da kamu biyu, ga kuma mahaɗi a tsakiya an naɗe da zare. Ba rashi ya sa ba. Da hannuna na ƙara mata tsawo, kuma za ku ji dalili in kun zauna. Amma sai kun haƙura na faro daga farko, don ɗazu ɗayanku ya ce mani wai ƙirga bugun zuciya ba aiki ba ne, ɗan abu ne ake maƙalawa a yatsa, lamba ta fito, a rubuta. Allah ya shirye ka, ɗana.

Na shiga aikin ɗakin shan magani a Tambuwal saura kaɗan a ba mu mulkin kai. Maigidana a aikin shi ne Malam Mode, gajere, kakkaura, bakinsa kullum ja da goro, ga faɗa kamar an aiko shi. Wata uku bai bar ni na taɓa jikin mutum ba. Aikina wanke kwalabe, da dafa sirinji a kan risho, da wasa allura a kan dutse, don a zamaninmu allura ba a yar da ita sai ta lanƙwashe. Bandeji ma wanke shi ake yi a shanya a sake naɗewa. Kayan aikin duka ba su cika akwati ɗaya ba: almakashi biyu, hantsaki, ma'aunin zafi da ake lallaɓawa kamar ƙwai, kwalbar aidin, manyan kwalabe na maganin tari da na ciki, sai robar kunne da agogon aljihu mai hannun daƙiƙa. Waɗannan biyun na ƙarshe ba ya ajiye su ko alwala zai yi.

Mutane kuwa allura suke so. Mutum ya taho tun daga rugga da ciwon kai, ka zuba masa magani a moɗa, sai ya sha ya tsaya yana kallonka, jira yake a fara aikin. In ka ce an gama, ya tafi yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa sabon yaron nan ba shi da tausayi. Malam Mode ba ya biye musu. Ya kan ce kafin ka tsira wa mutum ƙarfe, kama hannunsa ka ji abin da jikinsa ke faɗi. Yatsu uku a kan jijiyar wuyan hannu, ban da babban yatsa, don shi yana da nasa bugun, sai ka ƙirga naka ka rubuta wa wani. Kuma minti ɗaya cur. Ranar da ya kama ni na ƙirga kwatan minti na ninka sau fuɗu, ya sa na ƙirga na kowa da ke kan benci, har da waɗanda rakiya kawai sunka yo.

Wata ranar kasuwa anka kawo wani majemi daga Jabo a kan jaki. Ƙato ne, hannuwansa sun rine da bagaruwa, amma daga bakin ƙofa zuwa benci sai da ya tsaya sau biyu yana haki. Ya ce gabansa ke faɗuwa ba tare da an ba shi tsoro ba. Na kama hannunsa, sai na ji abin da ban taɓa ji ba. Ya buga biyu da sauri, ya yi shiru, ya buga ɗaya mai ƙarfi, sai uku ƙanana da ƙyar yatsa ke jin su, sai kuma shiru. Na nemi tsarinsa na rasa. Duk inda na ce ga inda na gaba zai faɗo, sai ya faɗo wani wuri.

Malam Mode ya buɗe wa mutumin riga, ya ɗora robar kunne ƙarƙashin nononsa na hagu, ya aje agogo a tsakaninmu. Ya ce, "Kai ka riƙe hannu, ni in riƙe ƙirji. In na ɗaga yatsa mu fara tare, in na sauke mu tsaya tare." Da minti ya cika ya ce, "Nawa?"

Na ce, "Saba'in, Malam."

Ya ce, "Ni ɗari da goma. Mutum guda, zucciya guda, minti guda. To Ummaru, ina arba'in sunka tafi?"

Na ce wata ƙila na yi kuskure. Ya ce a'a, yau kam ban yi ba. Da munka sallami mutane ya zaunar da ni a inuwar ɗakin, ya zana mani a ƙasa da tsinke. Zuciya ɗaki fuɗu ce, biyu bisa, biyu ƙasa. Na bisa su tara jini su zuba wa na ƙasa, na ƙasa su tura shi cikin jiki. A ɗakin bisa na dama akwai wani ɗan wuri da ke ba da umarni, kamar makaɗin gayya: ya buga, manoma su sauke garma tare. Umarnin ba ya isa ɗakunan ƙasa sai ta ƙofa guda, kuma ƙofar da mai gadi. A ciwon majemin nan, makaɗa ne sunka yi yawa a ɗakunan bisa, kowa da gangarsa, ba mai sauraron wani. Sai ɗakunan bisa su daina matsewa, su koma karkarwa kawai. Umarni na ta tururuwa a bakin ƙofa, mai gadi ya bar wanga ya wuce, ya tare wancan, babu tsari. Wani umarnin ya kan iso tun ɗakin ƙasa bai cika ba, sai ya matse a kan ɗan jini kaɗan. Kunne zai ji bugun a ƙirji, amma jinin bai isa ya kai wuyan hannu ba.

Ya ce, "Can arba'in ɗinka sunka tsaya. A wagga cuta hannu ba shi faɗin gaskiya shi ɗai. Ƙirga ce ta mutum biyu."

Bayan an sami mulkin kai, akwai wani likita da ke zuwa mana rangadi daga Sakkwato. Shi ya ƙara mani abin da Malam Mode bai faɗa ba. Ya ce makaɗin nan wuta ce, irin ta lantarki, 'yar ƙarama da jiki ke haifarwa da kansa. Ni da ban san wata wutar lantarki ba sai ta tocila, na ɗauka wasa yake mani. Ya ja ni wajen motarsa, ya cire fulogi ya nuna mani yadda tartsatsi ke tashi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a zuciya mai lafiya tartsatsin daga wuri guda yake tashi, ya bazu bisa ɗakunan sau ɗaya, ya mutu, sannan wani ya biyo. A mai ciwo kuwa, yana tashi daga wurare da yawa, kuma maimakon ya mutu sai ya riƙa kewayawa yana dawowa inda ya baro yana sake kunna shi, musamman in ɗakin ya buɗe ya yi faɗi saboda wani tsohon ciwo. Shekaru bayan haka na gani da idona a kan takardar injin awon zuciya, wadda ku kuka tashi kunka tarar. Ɗan tudun nan da ke zuwa kafin kowane dogon tsini ya ɓace, sai layi mai rawa, tsinayen kuma ba biyu da ke da tazara ɗaya.

Maganin da ake da shi a lokacin wata 'yar farar ƙwaya ce da ake samu daga ganyen wani tsiro. Likita kaɗai ke rubuta ta, mu namu lura. Ba ta kashe gangunan bisa, mai gadi take ƙara wa tsanani, sai umarni kaɗan su riƙa wucewa, ɗakin ƙasa ya sami sukunin cika. Amma in ta yi yawa a jiki guba ce, mutum ya yi ta amai, ya riƙa ganin komai rawaya, ƙofar kuma ta nemi rufewa gaba ɗaya. Shi ya sa likita ya kafa mana doka: kafin a ba da ita a ƙirga a ƙirji, in ya gaza sittin a dakatar. Na haddace dokar nan kamar sunana.

Daga baya anka ba ni ɗakin shan magani na kaina a Kebbe. A nan na yi aure, na auri Kulu, 'yar Fakku. Uwarta, Allah ya jiƙanta, har yau bakina bai taɓa kama sunanta ba, kuma ba yau zan fara ba. Inna nake ce mata. Ku 'yan yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon waya tare, ba za ku gane ba. Mu in ka je gaisuwa, tun daga ƙofar gida za ka tuɓe takalma, ka durƙusa a gefen ƙofar ɗakinta, asabari a sake, kanka a ƙasa. Ka gaishe ta, ta amsa a taƙaice can ciki. In akwai wata magana bayan gaisuwa, sai dai a faɗa wa 'yarta ta isar, ko da kowa na jin kowa. In kunka haɗu a hanya, ɗaya ya ratse cikin gero. Na shekara biyu da aure ban san kamannin fuskarta sosai ba, amma na san furarta, don duk zuwan da zan yi sai ta dama mani da kanta, ta aiko da ita a sabuwar ƙwarya. Ina son tsohuwar nan ƙwarai, na kuma san tana sona, ko da yake ba mu taɓa yin magana ta kai kalma biyar ba.

Da rani ciwon majemin nan ya kama ta. Ƙanenta ya kai ta Sakkwato, mata ma'aikata sunka duba ta tare da likita, anka sallamo ta da kwalbar farar ƙwaya da takarda zuwa gare ni, tunda ni ne ma'aikacin da ya fi kusa. Ta warware sarai, har ta koma saƙar faifanta da kiwon awakinta. Ni kuma na sakankance.

Daminar da ta biyo ita ce mummunar shekarata a wanga aiki. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗakuna na zubewa, gulbi ya cika ya batse, hanyar mota ta yanke. Wata biyu ba a kawo mani ko ƙwayar zazzaɓi ɗaya ba, ga yara ana ta kawowa da masassara da gudawa. Bandeji ya ƙare har na yayyaga tsohuwar rigata na dafa. Cikin haka anka aiko daga Fakku cewa Inna ba ta jin daɗi. Kulu ta riga ni tafiya a kan jaki, ni kuma na bi ta washegari da keke, rabin hanya ni ke ɗauke da shi.

Na durƙusa inda na saba. Na ce wa Kulu ta roƙi Inna ta miƙo hannu. Sai da anka daɗe ana ƙus-ƙus a ciki, sannan hannu ya fito ta ƙarƙashin asabari, an rufe shi da gefen zane har wuyan hannu. Ranar na fara taɓa ta. Na ƙirga, minti ɗaya cur kamar yadda anka koya mani. Hamsin da shida. Robar kunnen nan tana cikin jakata, a gefen gwiwata, amma ko a zuci ban iya kawo hoton kaina na ɗaga asabarin nan na ɗora ta a ƙirjin surukata ba. Sai na riƙe rabin doka na saki rabi. Ya gaza sittin, a dakatar.

Na ce Kulu ta kawo mani kwalbar. Ta kawo, ta tsaya tana murza bakin mayafi, ta ce, "Malam, Inna ta ce ita dai da so samu ne..."

Na katse ta, don ina so a ga na san aikina. Na ce, "Ki ce mata maganin ne ya yi mata yawa. Kada ta ƙara sha sai na ce." Na jefa kwalbar a aljihu na koma Kebbe.

Kwana biyar na dawo. Tun daga tsakar gida nake jin numfashinta. Kulu ta ce ƙafafun sun kumbura har gwiwa, ba ta iya kwanciya, a zaune take kwana jingine da buhun dawa. Hannun da ya fito ta ƙarƙashin asabari ya yi sanyi. Hamsin da fuɗu. Na ce a raina gubar ce ba ta gama fita ba, a ƙara jira. Kulu ta raka ni har zaure, ita da ba ta taɓa ɗaga mani murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Malam, uwata za ta mutu kana riƙe da agogo."

Daga nan ban koma Kebbe ba, Tambuwal na nufa. Anka ƙetare da ni gulbi a kwalekwale, keke a kan cinyata, na isa da la'asar jikina duk taɓo. Na tarar da Malam Mode yana wanke wa wani gyambo. Bai ɗago ba har na gama bayani. Da ya ɗaure ƙafar ya wanke hannu, ya ce in ba shi kwalbar da takardar likita. Ya juye ƙwayoyin a kan faranti, ya riƙa ware su da bakin almakashi, ya duba ranar da anka ba da su.

Ya ce, "Wagga kwalba ta fi wata ba a buɗe ta ba. Gubar maganin da ba a sha ba ce ta kama ta?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Ka tambaye ta ko tana sha?"

Na ce, "Malam, ai ba a titsiye babba."

"To ƙirjin fa? Nawa ka samu?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Surukata ce, Malam."

Ya ce, "Na sani, ni na kai goron." Na jira faɗan da na san na cancanta, amma bai zo ba. Ya ɓare goro ya ba ni rabi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ba ni ce maka ka yada kunya, Ummaru. Ba taka ba ce kai ɗai, tata ce ita ma. In ka kutsa ɗakin nan da roba, tsohuwar nan sai ta gwammace a kai ta kushewa. Amma mi na gaya maka ranar majemin Jabo? Ƙirga ce ta mutum biyu. Mi ya hana na biyun ya zama ɗiyarta?"

Na ce Kulu ba ta yi boko ba, kuma bugun na da sauri, za ta rikice.

Ya ce, "Ba ta jan tasbaha?"

Ya rubuta mani yadda za a mayar da ita kan ƙwayar sannu a hankali, kamar yadda likita ya koya masa, in har ƙirjin ya nuna abin da yake zato. Ya ce in kuwa ƙirjin ma ya gaza sittin, to in nemi masu ɗaukar ta a kai ta bakin hanya ko ta halin ƙaƙa. Na kwana a zaurensa, ana sallame Asuba na kama hanya.

Da hantsi na ja Kulu bayan rumbu na koya mata a kan ƙirjina. Na sa mata robar a kunne, ta zabura, sai kuma ta rufe baki tana dariya duk da halin da ake ciki. Ta ce, "Naka tafiya shikai awa jakin da ya san gida." Na nuna mata kowane bugu sauti biyu ne a manne, ta ja ƙwayar tasbaha ɗaya a kan biyun, kada ta ƙirga da baki, yatsa kawai. Munka gwada sau uku har lissafinta ya zo daidai da nawa. Na nuna mata inda za ta ɗora, ƙarƙashin nonon hagu, a kan fata ba a kan zane ba. Ta ɗauki tasbahar Inna, mai ƙwaya ɗari ba ɗaya, ta shiga.

Hannu ya fito. Na aje agogo a kan tabarma, na ɗauki ludayi na ƙwanƙwasa ƙyaure sau ɗaya, munka fara. Ina jin ƙas-ƙas ɗin tasbaha a ciki yana gudu, yatsuna kuwa na zaune suna jiran bugu ɗai-ɗai. Da minti ya cika na sake ƙwanƙwasawa. Kulu ta fito riƙe da tasbahar, babban yatsanta danne da inda ta tsaya.

Ta ce, "Ta ƙare, na sake kamawa, ga inda na kai."

Na ƙirga. Talatin da ɗaya bisa ɗari ba ɗaya, ɗari da talatin ke nan. Ni kuma hamsin da fuɗu. Munka sake, abin bai sauya ba sai da ɗaya ko biyu. Zuciyar tana ta gudu ne kamar ta fita, fiye da rabin bugunta na mutuwa a hanya, ni kuma na zo na ɗauke abu guda da zai rage mata gudu na sa a aljihu. Na zauna daɓas a ƙasa. Na ce da ƙarfi yadda za a ji a ciki, "Kulu, ki ce wa Inna laifina ne, ta yafe mani."

Anka yi magana a ciki, a hankali, numfashi na katse ta. Kulu ta leƙo ta ce, "Ta ce nata ne. Tun shuka ta bar sha da ta ji ta warke. Ranar da ka karɓe kwalba ta so ta faɗi cewa so take ta koma sha, sai ta ji kunyar ta musa maka."

Munka mayar da ita kan ƙwayar a ranar. Kullum da safe sai in sallami masu jira a Kebbe, in hau keke in zo, in ƙwanƙwasa ƙyaure da ludayi, Kulu ta ja tasbaha. Abin da ke ba mutum mamaki a aikin nan shi ne lambobin biyu tahowa suke su tarbi juna, na ƙirji na sauka, na hannu na hawa. Ƙirji ɗari da goma sha biyar, hannu sittin da biyu. Sai ƙirji ɗari, hannu saba'in. Rana ta uku ta fara fitsari da yawa, ƙafafu sunka soma saɓewa. Rana ta tara tasbaha ba ta ƙare ba, Kulu ta tsaya a tamanin da fuɗu, ni ina da tamanin da biyu. Ranar ce Inna ta kwanta a kan gadonta ta yi barci har azahar, da ta tashi ta ce a ba ta tuwo. Bugun bai taɓa komawa kan tsari ba, kuma ba zai koma ba, makaɗan bisa na nan da gangunansu. Na san kuma jinin da ke jinkiri a ɗakin da ba ya matsewa yana iya daskarewa ya tafi ya shanye wa mutum ɓarin jiki, mu kuwa ba mu da maganin wanga a ƙauye, ku kuna da shi yanzu, ku gode wa Allah. Namu dai mu riƙe mai gadi, mu ƙirga duk mako, mu yi addu'a.

Da kaka ta yi, Kulu ta yi nauyi da cikin fari, ungozoma ta hana ta hawa jaki, ana shirin sai wata ya kama a kai ta gida a hankali. Ranar ƙirga ta zo, na tafi Fakku ni kaɗai, da niyyar in koya wa wata daga cikin matan gidan. Na tarar gidan wayam, duk sun tafi sussuka. Na yi sallama, na durƙusa, na gaishe ta, ta amsa. Babu wanda zan ba saƙo ya isar. Awaki na ta cin ƙaiƙayi a bayana. Na fara tattara jakata in tafi in dawo gobe.

Sai hannu ya fito ta ƙarƙashin asabari. Na kai yatsu wuyan hannun, sai ta janye, ta sake miƙowa a buɗe, tafin yana kallon sama. Na daɗe ban gane ba. Sai ta nuna jakar da yatsa.

Na fiddo robar kunnen na ɗora mata kan ƙarfen a tafin hannu. Ta ja shi ciki. Robar ta bi ta ƙarƙashin asabari tana shigewa har ta miƙe, ni kuma na sa ɗaya gefen a kunnuwana. Da yake gajera ce, sai da na kwantar da kumatuna a jikin asabarin, kaina kusan a ƙasa. Ta ga inda 'yarta ke ɗorawa duk makwannin nan, ba ta ɓata ba ko kaɗan. Ni da Malam Mode da duk karatunmu, ba wanda wagga dabara ta faɗo masa.

A makon nan na je Tambuwal na roƙi tsohuwar robar Malam Mode da ta lalace, na yanko mai kyaun, na haɗa da tawa da guntun bututun ƙarfe, na naɗe da zare. Sautin ya ɗan ragu, ba za ka ji ƙananan abubuwa da ita ba, amma don ƙirga ta isa. Ta shiga ƙarƙashin asabari da labule a gidajen da ban san iyakarsu ba, daga Kebbe har ƙauyukan bakin gulbi, matan da da sai dai a ce Allah ya sawwaƙe.

Amma ranar farkon nan nake ba ku labari. Na ji zuciyar Inna a cikin kunnena, tana ta tuntuɓe tana tashi, biyu da sauri, shiru, ɗaya mai ƙarfi. Wagga ce na kusa tsayarwa da hannuna. Na kai wajen arba'in sai idona ya cika, hannun agogo ya narke mani, lissafi ya ɓace. Na yi ƙoƙarin in haɗiye kada ta ji, amma tsakaninmu kara ne kawai da zare.

Sai na ji muryarta, ba ta bakin kowa ba, ta cikin robar ma ta zo mani, mai kauri kamar daga cikin tulu. Ban da amsa gaisuwa, ita ce magana ta farko da ta taɓa yi mani kai tsaye.

Ta ce, "Sake ƙirgawa, Malam. Ba inda za ni."

Na share ido da hannun riga na sake. Tamanin ne. Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan nan, ta goya 'ya'yana fuɗu.